Kundin Inna: yadda aikin sunayen kayan gida ke tafiya

12 ga Oktoba, 2024

Yau na sayi littafin rubutu mai kaurin bango, na rubuta "Kundin Inna" a kansa. Dalili kuwa, shekaranjiya da hantsi Inna, mahaifiyata, tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da ƙwaryar fura a gabanta, sai ta ce mini, "Auta, miƙo man abin ga." Na ce wanne? Ta ce, "Abin ga mana, wanga da aka shan hura da shi." Ta ɗaga hannu ta kai baki kamar mai kurɓa. Ludayi take nufi. Matar da ta haura shekara talatin tana dama fura tana sayarwa a ƙofar gidanmu, nan cikin garin Sakkwato kusa da Hubbare, yau ita ce sunan ludayi ya ɓace wa. Da na miƙa mata ta riƙe shi daidai, ta dama, ta sha abinta.

An kusa shekara biyu da muka fara ganin sauyi. Ta ajiye kuɗi ta ce an sace, ta yi tambaya ɗaya sau biyar, ta ɗora tukunya ta fice barka. Dangi suka ce gigin tsufa ne, a bar ta. Gwaggo ta ce sammu ne. Da na ambaci asibiti, Yaya Babba ya ɗauka asibitin masu taɓin hankali na Kware nake nufi, ya ce shi uwarsa ba mahaukaciya ba ce. Sai a watan Yuli ya yarda muka kai ta wurin likita. Aka auna jini don a duba ko ƙarancin bitamin B12 ne ko wata matsalar da magani ke kawarwa, aka ɗauki hoton kai, daga ƙarshe likita ya ce cutar mantuwa ce, kuma alamun sun fi karkata ga nau'in Alzheimer. Ya ba ta ƙwayar donepezil, ya faɗa mana ƙarara cewa ba ta warkarwa, tana dai ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci.

Ni malamar Hausa ce a sakandare, da kalmomi nake cin abinci. Abin da zan iya shi ne in tara kaya 40 da Inna ta sani, in riƙa nuna mata sau ɗaya a wata, in rubuta abin da ta ce yadda ta faɗe shi, in kai wa likita duk ranar komawa.

26 ga Oktoba

Ɗan yayata da ke karatun likita ya zo hutu, ya nuna mini a wayarsa gwajin da aka fi amfani da shi a duniya don wannan matsala. Ana kiransa gwajin sunaye na Boston, an buga shi a Amurka a 1983, zane 60 ne na baƙin layi, daga masu sauƙi zuwa masu wuya. Ya fara da gado da bishiya da fensir. Har raƙumi akwai, na ce to wannan namu ne. Amma da aka yi nisa sai ga ɗakin ƙanƙara na mutanen ƙasashen sanyi, ga doki mai ƙaho ɗaya na tatsuniyar Turawa, ga wani abin kiɗa da ake hurawa da baki wanda ni ma ban san sunansa da Hausa ba. Da wannan za a auna Inna, da tun tana da lafiyarta ta faɗi.

Muka gwada da zanen littafin 'yan firamare. Na nuna mata zanen tsintsiya. Ta juya takardar sama ta koma ƙasa, ta ce, "Wanga mi na? Rubutun boko na?" Na ɗauko tsintsiyar tsakar gida, ta ce tsintsiya tun kafin in tambaya. Yaron ya ce ai an daɗe da gano haka: waɗanda ba su saba da littafi ba suna shan wuyar gane zanen layi ko da ƙalau suke, hoto mai launi ya fi musu sauƙi, ainihin abin kuma ya fi duka. Ya kuma ba ni labarin binciken da aka fara a 1992 tsakanin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis ta Amurka, inda suka tsara tambayoyin da ba ruwansu da boko. A ciki ana nuna wa tsoho kujera da takalmi, a nuna masa gwiwar hannu da kafaɗa, a ce ya faɗi sunansu. Na ari gwiwar hannu da kafaɗa na sa a jerina.

Wani abin dariya. Kyanwa ta gifta, ya tambaye ta mece ce wannan, ta ce mussa. Shi da ya tashi a Kaduna har ya sa alamar kuskure. Buta ta ce shantali, ya sake duban fuskata. Na ƙwace biron na ce kai ne ka faɗi jarrabawa. Tun daga yau doka ta farko a kundin nan ita ce, Sakkwatancin Inna shi ne amsa. Luddai daidai ne, hura daidai ce, dawo daidai ne.

9 ga Nuwamba

Gwaji na farko, da ƙarfe tara na safe bayan ta sha kunu. Kayan nata ne duka: ƙwarya, ludayi, faifai, maburgi, muciya, rariya, turmi, taɓarya, tulu, carbi, tandun kwalli, allura, mabuɗi, tocila, albasa, goro, da sauransu. Dabbobi kuma na ɗauki hotonsu da waya a gidan maƙwabta. Cikin 40 ta faɗi 27 kai tsaye.

Goma sha ukun da suka rage su suka fi ba ni abin rubutawa, domin ba iri ɗaya ta rasa su ba. Mafi yawa kewaye take yi: mabuɗi ya zama "na ƙohwa", tocila "wadda aka gani da ita da dare". A wasu sai ta kawo sunan ɗan'uwan abin. Maburgi ta ce muciya, tunkiya ta ce akuya, kamar wanda aka aika gidan mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa. Zabuwa da agwagwa duka ta ce tsuntsu. Jaki ta ce bisa, wato dabba kawai, ta tsaya nan. Abu ɗaya ne ta yi wa shiru gaba ɗaya, almakashi. Ta daɗe tana buɗe shi tana rufewa.

Na lura dabbobi sun fi zame mata fiye da kayan girki, kuma abin da ta sani tun tana yarinya ya fi zama daram fiye da wanda ya zo daga baya. Ruwa, nono, wuta, ƙwarya, ba ta ko tsayawa tunani. Filas da rimot kuwa tuni sun koma "abin ga".

Da dare na karanta labarin matar da aka fara gano cutar a jikinta, Auguste Deter, wadda likita Alois Alzheimer ya fara dubawa a Frankfurt ta Jamus a 1901 tana da shekara 51. Cikin abubuwan da ya rubuta a kanta har da yadda takan kira kofi da abin zuba madara. Shekara ɗari da ashirin da wani abu tsakani, ita da madara, Inna da fura. Na kasa barci da wuri.

23 ga Nuwamba

Na yi kuskure. Saboda zumuɗi na sake jera mata kayan kafin wata ya cika, kuma da La'asar sakaliya, lokacin da dama takan fi ruɗewa. A abu na shida ta ture faifan ta ce, "Ni kinka maida ɗiyar makaranta? Ni na haihe ki." Ta juya fuska bango. Ba ta ci tuwon dare ba. Yaya Babba ya kira ni ya ce, ke dai Auta a bar tsohuwa ta huta. Ban yi masa musu ba.

14 ga Disamba

Ranar komawa asibiti. Na kai kundin ina ɗari-ɗari, amma likita ya karanta shafi-shafi, ya ce in ci gaba, sai dai in ƙara abu biyu. Idan ta rasa suna, in fara tambayarta me ake yi da abin. Idan har yanzu bai zo ba, in ba ta gaɓar farko ta sunan, in rubuta ko ya zo.

Ya bayyana mini dalili, zan rubuta yadda na fahimta. Kafin mutum ya ce "ludayi" sai ido ya gane siffar, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa siffar da abin da ta sani game da shi, wato duma ne aka raba, ana shan fura da kunu da shi, sannan ta nemo sautin sunan, sannan baki ya furta. Ko'ina a wannan hanya ana iya samun tsaiko. Wani sunan na nan a ajiye, hanyar zuwa gare shi ce ta toshe, da ka ce "lu" sai ya ce "luddai". Wani kuma ilimin abin ne kansa ke zaizayewa, ko ka ba shi rabin sunan ba zai kama ba, in ma ka faɗa masa sai ya ce mene ne haka. Ya nuna gefen kansa na hagu saitin kunne, ya ce mafi yawan wannan aikin a nan ake yinsa. A cutar Alzheimer ana samun duka biyun, na farkon yakan riga bayyana. Akwai kuma wani nau'in cutar mantuwa dabam da ke farawa da cinye ma'anar kalmomi tun mutum na tuna abin da ya faru jiya.

Ya ƙara da gargaɗi biyu. A duba idonta da kunnenta, don tsoho mai yanar ido ana iya ɗora masa mantuwar da ba tasa ba. Kuma duk ranar da magana ta ɗauke mata farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, kada mu ce cutar ce ta ƙaru, mu taho da gudu, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki.

Mun je an duba idon. Yanar ido ta fara a na dama, na hagu da sauƙi. Yanzu ta hagu nake miƙa mata kaya, kuma a tsakar gida inda haske yake.

11 ga Janairu, 2025

Sanyin hunturu ya hana ta fitowa sai rana ta ɗaga, don haka aikin ya koma ƙarfe goma sha ɗaya. Na daina jera kaya a faifai. Ina zama kusa da ita ina aikin gida, in ce, Inna, da me zan tankaɗe garin nan? Ko in ɗauko abu in yi kamar ni ce na manta. Cikin kwana uku nake gama arba'in ɗin ba tare da ta san ana ƙirga ba. Wannan watan 25 kai tsaye, tara da taimakon gaɓar farko, shida ba su zo ba.

Abin da ya fi faranta mini rai ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ɗiyata mai shekara tara, wadda Inna ke kira kishiya, ita ta zauna gabanta ta ce, "Tsohuwa, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya." Inna ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Tsintsiya! Ke har kin isa ki ɗaure ni?" Alhali da safen nan na nuna mata tsintsiyar ta ce "ta shara". Sai na bi sawu da karin magana. Na ce, ƙwarya ta bi... ta ce ƙwarya, in ta bi akushi ta hwashe. Akushi! Kalmar da na cire daga jerin don na ɗauka ta tafi. Na ce, cikin ruwa mai rabo ka ɗauka, mene ne? Ta ce allura.

Abin da aka haddace a dunƙule yana fitowa a dunƙule. Haka Fatiha da ƙananan surori, haka waƙar daka, ba ta tuntuɓe a cikinsu. Amma in na zare kalmar daga cikin karin maganar na ce ta ba ni ita kaɗai, sai ta tsaya tana lalube. Ban ruɗi kaina cewa wannan waraka ce ba. Dariya dai ta dawo tsakar gida, kuma na gane cewa tambayar da za ta zama raini daga bakin ɗiya, wasa ce daga bakin jika. Jikan da ta ke kira maigida ya fi kowa samun amsa, don in ta kasa sai ya ce ya sake ta, ta bi shi da zagi har sunan ya faɗo.

8 ga Fabrairu

Inna Bafulatana ce, a ruga aka haife ta, aure ya kawo ta birni tana 'yar shekara goma sha wani abu. Mu duk ba mu iya Fulatanci ba, ita ma tun rasuwar iyayenta ba ta da abokin yi. Makon jiya na ɗaga ludayi, ta dube shi ta ce "horde". Na rubuta shi a layin maganar da ba ta da ma'ana. Ƙwarya ta ce "tummude". Sai da mai kawo mana nono ta zo, Inna ta ce mata "kosam", suka ɓarke da hira, na tsaya baki buɗe. Na karanta wa matar abin da na rubuta, ta yi dariya ta ce ai horde ludayi ne, tummude ƙwarya, ndiyam ruwa, nagge saniya. Na koma baya cikin kundin na tarar da wurare huɗu da na sa mata kuskure tana kan daidai. Kunya ta kama ni, ni da na yi wa yaro dariya kan mussa.

An san haka ga masu harshe biyu, harshen da aka sha da nono yakan fi daɗewa. Na buɗe sabon layi a kundin, kuma mai nono ta yarda ta riƙa ɗan zama duk ranar da ta zo. Na ƙara mata wani abu a kan kuɗin nono, ta ƙi karɓa sai da na haɗa ta da Allah.

15 ga Maris

Azumi ya kai rabi. Inna takan tashi sahur tare da mu, da hantsi ta nemi ruwa, ta manta. Yaya Babba ya tambayi malami, ya ce wanda hankalinsa ya kai haka an ɗauke masa, a ba ta. Ban yi ƙirga ba wannan watan.

19 ga Afrilu

Makon da ya wuce na tsorata. Zafin Sakkwato ya haura digiri 40, wuta babu. Cikin kwana biyu Inna ta koma ba ta kiran komai da suna, har ruwa. Tana gyangyaɗi da rana, da dare tana fizge-fizge, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Gwaggo ta zo da turaren hayaƙi. Ni kuwa na buɗe kundin na ga daga 27 zuwa 25 ta ɗauki wata biyu, wannan kuma kwana biyu, ba tafiyar cutar ba ce. Da wannan hujja na sa aka ɗauko mota.

Ciwon mafitsara ne da ƙarancin ruwa a jiki. Likita ya ce tsoho mai cutar mantuwa ƙaramin ciwo kan jefa shi cikin ruɗewa mai tsanani, sau da yawa ko zazzaɓi ba a gani. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka ba da magani. Yau kwana shida, ta ce mini, "Auta, ba ni carbina." Na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Ba ta iya cewa tana jin ƙishi ba, nan ne matsalar ta faro. Yanzu ba ma jira ta nema. Kofi na kusa da ita kullum, kuma duk bayan salla sai an ba ta.

17 ga Mayu

Ƙirgan wata: 21 kai tsaye, har da na Fulatanci, takwas da taimako, 11 babu. Ba ta koma inda take kafin ciwon Afrilu ba.

Rariya ce ta tsaya mini a rai. A da in na ce "ra" sai ta ƙarasa. Yanzu na ba ta a hannu, na ce me ake yi da ita, ta leƙa ta cikin ramukan, ta ce ta huje, a yar. Na ce rariya ce, Inna. Ta maimaita "rariya" a hankali kamar sunan baƙo. Wannan shi ne tsaiko na biyun da likita ya faɗa. Na zuba gari na kama hannunta muka fara tankaɗe, can sai hannun ya karɓi aikin da kansa, har tana bubbuga gefen yadda ta saba. Da muka gama na sake tambaya, ba ta sani ba. Ban ƙara ba.

Wata abokiyar aikina ta ba ni shawarar in manna takardu masu suna a jikin kaya, ta ce haka ake yi a ƙasashen waje. Ga wanda ya yi boko yana iya amfani. Inna ba ta karanta boko, takarda a jikin tulu ƙazanta ce a wurinta, za ta ɓare ta. Abin da ya yi mana aiki shi ne rage tambaya. Ba ma cewa me za ki sha. Mukan ɗago kunu da fura mu ce, kunu ko hura? Ta nuna, wani lokaci ta maimaita sunan. In ta ce "abin ga", wanda ya gane sai ya miƙa yana faɗin sunan cikin magana, ga luddanki Inna, ba tare da ya tsayar da ita ba. Na tara yaran gida da matan yayyena na roƙe su abu ɗaya, kada wanda ya ƙara ce mata "kin manta?" ko "ai yanzu na gaya miki".

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da cutar mantuwa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. A layinmu kaɗai na san gida uku da ake cewa tsohonsu ya ruɗe. Babu wanda aka kai asibiti.

8 ga Yuni

Shekaranjiya aka yi Babbar Salla. Da aka shigo da rago ta ce bisa. Maigidanta, wato jikan nan, ya ce, "Wane irin bisa, tsohuwa? Ra..." Ta ce, "Raƙumi." Gida ya kwashe da dariya, ita ma ta yi, na rubuta shi a matsayin kuskure mai kyau, don aƙalla gaɓar ta kai ta garke. Da aka zo gyaran kayan ciki kuwa ta zauna kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni da hannu, ta nuna wa matan yayyena inda za su yanka tumbi.

Na rage jerin daga 40 zuwa 25, na bar waɗanda take buƙata don ta nemi abu: ruwa, buta, carbi, zane, takalmi, fura, bayi, da makamantansu. Sauran sun koma shafin baya. Na fara naɗar muryarta a waya tana faɗin karin magana da waƙar daka, mun kai 31. Likita zai sake ganin ta a ƙarshen Yuli, lokacin kuma za a yanke shawara kan aikin ido.

Maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwar Salla ta ga kundin, ta ce mahaifinta, tsohon baduku, shi ma komai ya koma masa "wancan abin". Ta roƙi in kwafa mata jerina. Na ce nawa ba zai yi masa ba, bai taɓa riƙe maburgi ba. Ranar Asabar za mu buɗe tsohuwar jakar aikinsa mu ga abin da ya rage, basilla da aska da guntayen jar fata, mu fara nasa daga nan. Ta ce sai dai in zo bayan Azahar, da safe ba ya son mutane.